Kujerar Kunne

Saura ƙiris in fasa rubuta muku wannan karon. Na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge, har waya ta yi zafi a hannuna. Abin da ya riƙe ni shi ne akwai Baba a ciki, akwai kuma mutumin da ko ambatonsa na zo yi sai in ji kunya ta rufe ni. Amma na ga in na haɗiye maganar, ciwon kai za ta zame mini. To ga ta nan. Ku yi haƙuri da rubutun wadda karatunta ya tsaya a firamare.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ina aiki ne a wata mujalla da ke rubutu kan abinci da lafiya. Kar ku ɗauka marubuciya ce ni. Da shara da dafa shayi na fara. Wata rana Edita, matar da ke shugabantar mujallar, ta tsayar da ni da tsintsiya a hannu, ta karanta mini wani shafi kan gishiri, ta ce, "In kin koma gida me za ki yi?" Na sunkuyar da kai na ce zan hana Mama sa gishiri a girki gaba ɗaya. Ashe ragewa aka ce, ba dainawa ba. Ni a zatona na kwafsa, har na fara leƙen hanyar ƙofa. Sai Edita ta ce, "Daga yau kin bar shara."

Tun ranar aka ajiye mini wata kujerar roba shuɗiya kusa da taga, aka kuma laƙaba mini suna Kunne.

Ga yadda aikinmu yake. Marubuci zai kawo rubutunsa, kuma duk maganar da ya faɗa kan lafiya sai ya nuna inda ya samo ta. Daga nan sai Likita, masaniyar abincin da ke duba mana, ta bi shi layi-layi da jan biro. In ta sa hannu, sai a zo kaina. A karanta mini sau ɗaya tak, da sauri, yadda mutum ke karatu a mota ko a layin asibiti. Ba a ba ni takardar in duba. Ba a kuma tambayata me aka ce. Tambayar kullum ɗaya ce: me zan yi in na koma gida? In abin da zan yi ya saɓa da abin da Likita ke so mutum ya yi, shafi ya koma baya, ko da kuwa babu kuskure ko ɗaya a cikinsa.

Akwai kuma wata doka. Kafin a fara karatu Edita takan ɗaga kai ta ce, "Akwai mai alaƙa da wannan shafi?" Wanda ɗan uwansa ne aka rubuta, ko abokinsa, ko an taɓa ba shi kyauta, sai ya faɗa ya fita. Likita da kanta ta taɓa fita, ranar da aka zo kan madarar kamfanin mijin yayarta. Marubucinmu da muke kira Ƙamus, saboda son manyan kalmomi, an taɓa sa shi ya mayar da kwalin lemo da aka aiko masa. Ya ɗauka yana tafe kamar mai rakiyar gawa.

Ban taɓa zaton wannan tambayar za ta zo kaina ba. Wa na sani da za a rubuta a mujalla?

Sai Mai Zuma.

Kiwon ƙudan zuma yake yi a bayan gari. Ranar da ya fara zuwa gidanmu gaishe da Baba, idonsa ɗaya a kumbure yake saboda harbi, rigarsa na ƙamshin hayaƙi, ya zauna yana ta ba da haƙuri kamar shi ya harbi kansa. Na kawo ruwa na ajiye ban ce uffan ba. Tun daga nan yake kirana Malama Shiru. Kullum da safe saƙonsa ke tashina: "Malama Shiru, ƙudajena sun kwana lafiya, sun ce a gaishe ki." Ni kuma in yi ta juya waya kafin in iya rubuta, "Ina amsawa." Ba zan ɓoye muku ba, ina sonsa. Wannan ne karo na farko da na rubuta kalmar.

Ƙamus ya haɗu da shi ne a wajen baje kolin manoma, ya ce zai yi shafi guda a kansa. Ba ni na haɗa su ba. Na ma roƙi Mai Zuma kar ya ambace ni, bai kuwa ambata ba. Shi dai murna kamar ya tashi sama, don wani babban kanti ya ce masa in an san shi za su fara karɓar zumarsa. Ya kuma taɓa faɗa wa Mama cewa sai ya tsaya da ƙafafunsa sannan zai turo manyansa. Mama ta riƙe wannan maganar kamar lambar waya.

Ranar da za a karanta shafin, ina gaban madubi ina gyara mayafina mai ruwan ƙasa, ta shigo ta zauna a bakin gado.

"Auta, yau ne ko?"

"Yau ne, Mama."

"To ke dai ki ce kin gane. Me zai ragu a jikinki?"

"Mama, ba haka ake yi ba."

"Ni za ki koya wa yadda ake yi? Yaron nan ko gashin kansa ba shi da aibu. Kwalbar zuma ba ta yankewa a gidan nan. Ke kuma in baƙo ya yi sallama sai ki shige bayan labule kamar an biyo ki bashi. Kin samu wanda shirun naki ma yake burge shi, ki riƙe da hannu biyu." Ta miƙe ta gyara mini gefen mayafin. "Wannan ruwan ƙasar kuma kamar wata tsohuwa. Ina ja ɗin da yayarki ta ba ki?"

Na fita ban ko karya kumallo ba.

A ofis kowa ya zauna inda ya saba. Likita da jan bironta, Ƙamus da takardu yana gyara murya, ni a kujerata, fanka na kaɗa labule yana taɓa mini kafaɗa. Edita ta ɗaga kai.

"Akwai mai alaƙa da wannan shafi?"

Na san in na yi shiru ba wanda zai sani. Na kuma san in na yi magana, mutanen da ko muryata ba su cika ji ba za su san abin da ko ƙawata ban gama faɗa wa ba. Ban san lokacin da hannuna ya ɗaga ba. Rabi ya ɗaga, kamar na mai tambayar hanyar banɗaki.

Ƙamus ya sauke takarda. "Kunne? Ɗan uwanki ne?"

"A'a."

"Maƙwabci?"

Na girgiza kai. "Yana zuwa gidanmu."

"Tallar zuma?"

"Gaishe da Baba."

"Iye! Gaishe da Baba!" Ya dafe ƙirji. "Ni ina can ina shan harbi a gonarsa, ashe sarauniyar ƙudajen tana nan tana dafa mana shayi!"

Har Likita sai da ta rufe baki da takarda. Ni kuwa na ja mayafi har kan hanci.

Edita ta ce, "Ya isa. Ba a matsa wa mutum ya faɗi fiye da abin da ya faɗa. Kunne, kin kyauta. Je ki huta."

Na fita na zauna a kan matakala. Bari in gaya muku gaskiya, daɗi na ji. Wani nauyi ya sauka daga kaina. Ban yi ƙarya ba, ban kuma taɓa shafinsa ba. Doka ta fitar da ni, hannuna fes. Aka kira Iya mai shara, wadda ta gaji tsintsiyata, ta zauna a kujerata. Da ta fito na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce, "Na ce musu zan sayi zuma in na samu ta kirki, amma ba zan zarce ba. Suka ce shi ke nan." Shafi ya wuce. Aka ce gobe da rana za a tura wa masu ɗab'i.

Na koma gida ina jin kaina sakayau.

A tsakar gida na tarar da Baba zaune a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, tabarau a kan hanci, wayar Mama a hannunsa. Baba yana da ciwon sukari, ya daɗe da shi. Gwangwanin sukari ma Mama a bayan tukwane take ɓoye shi, duk da kowa ya san wurin. A gabansa ga fulas, ga kofi, ga kwalbar zuma a buɗe.

"'Yar Baba, zo ki ga aikinku," in ji shi, fuskarsa cike da fara'a.

A wajenmu akan tura wa wanda aka yi hira da shi hoton shafin, don ya tabbatar ba a sa masa magana a baki ba. Mai Zuma kuwa da murna ta ɗebe shi, ashe tun kwanakin baya ya turo wa Mama. Baba ya sa yatsa a kan gilashin wayar ya karanta a hankali: "Mai ciwon sukari zai iya ɗan amfani da zuma a madadin sukari, daidai gwargwado, bayan shawarar likita."

Ya ajiye wayar, ya ɗauki cokali. Ba cokalin shayi ba. Babban cokalin da Mama ke zuba shinkafa da shi, wanda wuyansa ya ɗan lanƙwashe. Ya nitsa shi cikin kwalbar, ya ɗago shi cike yana zuba, ya juya a kofi.

"Baba, an ce fa bayan shawarar likita."

"To wa ya sa hannu a ƙasan shafin? Ba likitarku ba ce? Ai shawarar ke nan."

"An ce daidai gwargwado."

"Cokali ɗaya nake sha. Ɗaya tal! In ɗaya bai zama daidai ba, me zai zama?"

Ba wasa yake yi ba. Da wasa ne da na yi dariya. Baba mutum ne mai bin doka, in asibiti suka ce ya zo da safe, tun kafin a buɗe ƙofa yana can. Ya karanta, ya gane iyakar ganewarsa, ya kuma yi abin da yake ganin an ce.

Nan fa abubuwa suka fara dawo mini. Yadda kwanakin nan yake shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Yadda yake yawan ɗaukar buta. Yadda kwalbar ke saurin kai ƙasa, Mama na cewa ai yaran maƙwabta ne. Na shiga ɗaki na ɗauko na'urar gwajin sukarinsa daga cikin durowa, har ƙura ta hau jakarta. Ya miƙo yatsa yana mita. Lambar da ta fito ta haura inda asibiti suka ja masa layi, haurawa ba kaɗan ba.

"Na'urar nan ta tsufa," in ji Baba.

Mama ta leƙo daga kicin ta ga lambar, ta koma. Na ji tana buga murfin tukunya fiye da yadda ya kamata.

Bayan la'asar Mai Zuma ya zo, cikin riga mai ruwan toka da ta sha guga, har da turare a kan ƙamshin hayaƙin. Ya gaishe da Baba, sannan muka zauna a benci na bakin ƙofa, shi a wancan gefe ni a wannan.

"Malama Shiru, an ce yau kin yi magana a gaban jama'a. Ƙamus ya kira ni yana ta tsiya. Ashe ina da matsayi har a ofis."

Na yi ta murza bakin mayafi. Ya lura.

"Lafiya?"

Na gaya masa. Ban iya jera magana ba, na fara da cokali, na koma kan lamba, na dawo kan shafi. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Zumata ba gauraye a cikinta," ya ce a ƙarshe. "Ko ɗigon sukari ban taɓa sawa ba."

"Na sani. Amma Likita ta sha faɗa mana ko ta asali ce tana ɗaga sukarin jini."

"Ni ban ce magani ce ba. Duba shafin, ko wuri ɗaya ban ce ba."

"Ba ka ce ba. Baba dai haka ya ji."

"To laifin bakina ne ko na kunnensa?"

"A wajen aikinmu ba a cewa laifin kunne."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ya ɗago ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

"Kin faɗa musu alaƙarmu, kin fita. Dokarku kin cika. Wata ta saurara, ta ce daidai ne. Likitarku ta sa hannu. Me ya rage kuma?"

"Baba ya rage."

"Baba sai mu yi masa magana. Ni da kaina zan roƙe shi. Ba sai an taɓa shafin ba."

"Da baban wasu fa?"

Ya shafa fuska da hannu biyu. "Kin san in suka ja shafin nan baya, sai fitowa ta gaba, in ma sun sake sa shi. Mutanen kantin ba za su jira ni ba. Na gaya musu wannan makon." Muryarsa ta yi ƙasa. "Don ke nake wannan gaggawar, kin sani."

Na sani. Shi ya sa na kasa ɗago kai.

Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Kullum in zai tafi yakan ce, "Me zan ce wa ƙudaje?" ni kuma in ce, "A gaishe su." Ran nan bai tambaya ba. Sallama kawai ya yi ya hau babur.

Ina juyowa na ga Mama tsaye a bayan ƙofa.

"Shekara da shekaru ana roƙonki ki buɗe baki, ba ki tashi buɗewa ba sai yau, a kan mai sonki. Ubanki ni zan ɓoye masa kwalbar, magana ta ƙare."

"A bayan tukwane, Mama?"

Ta harare ni. Sannan ta wuce ciki tana cewa 'ya'yan yanzu ba su da ta ido, amma na ga ta tsaya a kan Baba tana taɓa goshinsa.

Na zauna ina wanke kwanukan yamma ina tunani. Dokar da ta fitar da ni daga ɗakin doka ce mai kyau. An yi ta ne don kar son da nake yi wa mutum ya shiga kunnena ya toshe shi. Ba kuma wanda ya yi sakaci. Ƙamus ya kawo madogararsa, Likita ta sa sharaɗi, Iya ta faɗi gaskiyar abin da za ta yi. Sai dai Iya ba ta da ciwon sukari, ba a hana ta zaƙi shekara da shekaru ba. Wanda aka daɗe da hana shi abu, in ya ji an buɗe ƙofa kaɗan, ba ƙofar yake ji ba, hanya yake ji. Na kuma tuna daɗin da na ji a kan matakala, sai kunya ta kama ni. Ashe ba don mai karatu na ji daɗin ba, don kaina ne.

Kujerar ba zan iya komawa kanta ba a kan wannan shafin, na riga na fita. In na je na ce a cire, ra'ayi na kai, kuma Edita takan ce, "Kar ki kawo mini ra'ayi, kawo mini abin da mutum zai yi." Ga shi ni in na tsaya gaban mutane magana guduwa take yi ta bar ni. Ina cikin wannan tunanin hannuna ya kai kan cokalin a cikin ruwan kumfa. Har lokacin wuyansa na danƙo.

Da safe saƙon ƙudaje bai zo ba. Na duba waya, na ajiye, na sake dubawa. Na kira babban wana na ce ya zo ya kai Baba asibiti, kar ya saurari zancen na'ura ta tsufa. Na sa jan mayafin da Mama ke so, ban san dalili ba. Na naɗe cokalin a tsumma mai tsabta na tura cikin jaka. Mama tana gani. Ba ta hana ni ba, cewa kawai ta yi, "Da me zan zuba abincin rana?"

Ina cikin mota waya ta yi motsi. Shi ne. "In sun cire shafin, ke nake so ki gaya mini da bakinki. Kar in ji a wajen Ƙamus." Babu Malama Shiru, babu gaisuwar ƙudaje. Na yi ta karantawa har muka wuce inda zan sauka, sai da na dawo da ƙafa.

Na tarar da Edita ita kaɗai, shafukan da za a tura a jere a gabanta, na Mai Zuma a sama, hotonsa yana dariya da ido ɗaya a kumbure. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Kunne, kin san ba ki da baki a wannan shafin."

"Na sani, ranki ya daɗe. Ba baki na kawo ba."

Na kwance tsumman, na ɗora cokalin a kan shafin, daidai kan layin da Baba ya karanta. Ya rufe layin gaba ɗaya, har ya ci rabin hoton.

Na ce, "Babana yana da ciwon sukari. Ya karanta shafin nan. Wannan ne daidai gwargwado a gidanmu."